Wane Suna Za Mu Ba Ramin Da Ke Da Murfi?

A watan Janairun 2025, mahukuntan Abuja suka dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu, saboda ɓarayi sun addabi titunan birnin da satar murafan ƙarfe. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka sha fama da sunan abin da ake sace wa murfin. Wannan ya ce kwalbati, wancan ya ce magudanar ruwa, wani kuwa rami kawai.

Babu wanda ya dace a cikinsu. Kwalbati hanyar ruwa ce mai ratsa ƙarƙashin titi. Lambatu a gefe yake tafiya, rariya kuwa kafa ce a gindin bango. Wannan da muke magana a kansa mashiga ce: ma'aikaci ke sauka ta nan ya yashe datti, ya duba bututu ko wayar sadarwa. Shi ya sa Bature ya kira shi "manhol", wato ramin da mutum zai iya shiga. Har ma a 2019 majalisar birnin Bakli a Amurka ta sauya sunan zuwa "ramin gyara", wai don kada a ware mata. Su rigimarsu ke nan. Mu ko sunan ba mu tsayar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malamai ce. Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, tana kuma ta samun tituna da rufaffun magudanai. Ɗan Mada ko Bunguɗu da ya shigo cin kasuwa a tsakiyar Agusta, ruwa ya shafe titi, in aka ce masa "akwai rami", zai zaci irin wanda mota ke faɗawa ta wuce ne. Ina zai san zurfinsa na iya shanye tsayinsa, ga ruwa na ja a ƙasa?

Masu aikin famfo suna cewa "camba", amma kalmar ba ta fita daga bakinsu ba. Ni dai na zaɓi "ƙofar magudana". Kowa ya san ƙofa shiga ake yi ta cikinta, rufe ta kuma ake yi. In ta bututun ruwa ce a ce ƙofar bututu, in ta waya ce ƙofar waya. Gidajen rediyon Gusau su gwada ta a sanarwar damina mai zuwa, mu ji ko kunne zai karɓa.