Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Tsaron Najeriya

Bayan addu'ar Allah ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama a fagen daga, roƙona ɗaya ne: kada a ba da umarnin kutsawa maɓoyar 'yan ta'adda don ceto mutane sai an san takamaiman inda aka ajiye su da hanyar da za a fito da su. A ranar 8 ga Maris 2012, sojojin Najeriya da na Birtaniya suka afka wa wani gida a unguwar Mabera a Sakkwato don ceto injiniyoyi biyu, Chris McManus da Franco Lamolinara, waɗanda aka sace a Birnin Kebbi. Kafin a isa gare su masu tsaronsu sun kashe su. A Afrilun 2015 kuwa, rundunar soji ta ba da sanarwar ceto 'yan mata 200 da mata 93 a dajin Sambisa, aikin da ya cancanci yabo. Amma matan da aka kai sansanin Malkohi a Yola sun ba da labarin 'yan uwansu da suka kwanta cikin ciyawa don tsoron harsashi, motar yaƙi ta bi ta kansu ba tare da direban ya gan su ba. Wasu kuma nakiya ta tashi da su a kan hanyar fita.

Za a ce jira yana ba abokan gaba damar sauya wuri, ko su aurar da yaran da ke hannunsu. Gaskiya ne, kuma kowace uwa a Chibok da aka sace mata 'ya ta san zafin jira. Sai dai jiran da nake nufi aiki ne: tara bayanai daga mafarauta, da 'yan ƙato da gora, musamman kuma daga bakin waɗanda suka tsero, domin su ne suka san bukka-bukka da turbar da aka binne nakiya. Idan aka tsare irin waɗannan a barikin Giwa a Maiduguri kamar masu laifi, abin da ƙungiyar Amnesty International ta sha kokawa a kai, to na baya ba zai buɗe baki ba.

Ranka ya daɗe, a tarbi wanda ya tsero da magani da abinci da mutunci, a saurare shi tukuna, sannan a tura sojojinmu cikin daji.