Bayan Kwance Mari, Sai Ina?

A Oktoban 2019 ’yan sanda suka fasa gidajen mari a Daura da birnin Katsina, aka kwance mutane daga sarƙa. Muka yi murna, ba mu tambayi abin da ya kai iyaye can ba: rashin wata mafaka. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda ’yan bindiga ke tayar da ƙauyuka, uwa ce kaɗai ke jan ɗa mai tawayar ƙwaƙwalwa, wanda bai fahimci dalilin gudun ba. Dokar kare nakasassu da aka sa wa hannu a 2019 ba ta ciyarwa, ba ta jinya. Wajibi ne gwamnatin jiha ta ware kuɗi cikin kasafi domin gidajen kulawa, ƙwararrun ma’aikata da masu sa ido. In ba haka ba, sarƙa za ta dawo.