Tukunyar Sannu-sannu: Ta Dace da Zamanmu, Amma Wutarmu Ba Ta Dace da Ita Ba



Yau maganar ciki zan yi, tunda masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya yi zaman Kurmi ba tare da iyali ba ya san abin da nake nufi. Ka fita tun da asuba, ko kana sauke albasa da tumatir, ko kana wajen shanu a Gariki, ko kana tsaron shago a Diobu, ba za ka dawo ɗaki ba sai bayan isha'i. A wannan lokacin wa zai hura wuta? Sai shayi da burodi, sai indomi da ƙwai, sai kuma buka, inda za ka tsaya kana kallon naman da ke cikin miya kana tambayar zuciyarka wa ya yanka shi. Ka zauna wata rana ka lissafa abin da ka ci a waje cikin wata guda, ka gwada shi da abin da ka aika gida. Ni da na yi wannan lissafi kunya ce ta kama ni.

Masu iyali a nan ma ba su tsira ba. Ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, mai gida ya hana hura itace, kuma ko bai hana ba, ruwan sama a Fatakwal ya ninka na Kano, icen ma a jiƙe yake. Kananzir ya zama na masu hali tun da aka cire tallafinsa a 2016, gas kuma kullum ka je ciko sai ka ji sabon farashi. Shi ya sa uwargida take gudun dafa wake da ganda, don su ne masu cinye gas.

A cikin wannan hali ne na haɗu da wata tukunyar lantarki a wajen masu kayan gwanjo a babbar kasuwar Anaca, lokacin ina zaune kusa da masallacin Bida Road. Ƙwarya ce ta tangaran mai kauri, a zaune cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi. Ba ta tafasa abinci fal-fal kamar risho. Zafi kaɗan take bayarwa, ruwan ya riƙa motsi a hankali, na tsawon awa 6 zuwa 8. Ka zuba kayanka da safe, ka jona, ka tafi kasuwa, ka dawo ka tarar abinci ya nuna. Abokan ɗakina suka sa mata suna tukunyar sannu-sannu, wai ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wani Bayahude ɗan Amurka mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, ya samu takardar mallakar fasaharta a 1940. Kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka suke ta fita aikin ofis suna neman abin da zai yi masu girki ba sa gida. Ka ga matsalarsu da tamu kusan ɗaya ce: mutum yana son abincin gida, amma yini yake yi a waje.

Gaskiya ba zan ɓoye alherinta ba. Abincin da ya fi ba mu wahala shi ya fi dacewa da ita: ganda, ƙafar saniya, kan rago, kayan ciki, tsohuwar kaza, wake. Dalili kuwa shi ne jijiya da fata ba ƙarfin wuta suke so ba, lokaci suke so. Idan suka daɗe cikin zafi mai sauƙi sai su narke, romon ya yi kauri ya yi danƙo, irin na ragadada ko langaɓun da muka baro a gida. Kuma ba ta shan wuta. Yawancinsu ba su wuce wat 200 ko kusa da haka ba, wato awa 8 bai kai yunit 2 ba. Ko da farashin naira 225 kowane yunit da aka ɗora wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, naira 360 ke nan ka dafa tukunyar ƙafar saniya. A gas ba za ka yi haka ba.

To ina matsalar take? Bari in ba ku labarin ranar da na gane.

Wata safiya na zuba wake da ganda, na jona, na kulle ɗaki. Ashe ban daɗe da fita ba aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai wajen la'asar. Da muka dawo da dare tukunya na da zafi, fitilarta na ci, babu abin da zai nuna maka ta yini a kashe. Na ji ɗan tsami-tsami na ajiye cokali. Wani ƙanenmu da muke ɗaki ɗaya ya ce, "Yaya, ai yunwa ba ta san tsami ba," ya cinye kwano guda. Kwana biyu yaron nan bai fita kasuwa ba, sai da aka ƙara masa ruwa. Kuɗin magani ya fi kuɗin tukunyar, ga hakkin ɗan mutane a wuyana.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Masana lafiyar abinci sun ce tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin Selshiyos nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma bai kamata dafaffen abinci ko nama ya wuce awa 2 a wannan yanayi ba. Ita wannan tukunya a hankali take hawa, sai ta ɗauki lokaci kafin ta wuce wannan mataki. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar hawa, to nama ya yini cikin ruwan ɗumi a ɗaki mai zafi. Wasu ƙwayoyin kuma suna barin dafin da ko an sake dafawa ba ya mutuwa. Shi ya sa ko a Amurka shawarar da hukumar aikin gonarsu take bayarwa ita ce, idan wuta ta ɗauke ba ka gida, ka zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna.

Su can ɗaukewar wuta labari ne. Mu nan zuwanta ne labari. A tsarin da aka raba masu amfani da lantarki a ƙasar nan, rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kowa ya duba takardar kuɗin wutarsa ya ga inda unguwarsu ta faɗa, sannan ya tuna cewa ko awannin da aka yi alkawari ba a jere suke zuwa ba. Ita kuwa tukunyar awa 8 take so a jere, babu yankewa. Wani zai ce a tayar da janareta. Haba ɗan uwa! Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan. Ka bar janareta na kuka awa 8 a ɗakin da ba kowa don wake? An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ra'ayina ke nan: dabarar muke bukata, ba injin ba. Kuma dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda iyayenmu mata suke ɗora ƙafar saniya a tukunyar ƙasa da dare, su janye itace, su bar ta kan garwashi da toka, da safe a tarar ta yi luguf. Masu daddawa haka suke kwana da kalwa a wuta. Abin mamaki ma, shi kansa Naxon daga irin wannan ya samo tunaninsa. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda a garinsu can Lituwaniya ake kai tukunyar wake da nama gidan burodi ranar Juma'a da yamma, a sa ta cikin tanderun da aka gama gashi, ragowar zafin ya dafa ta kafin Asabar, tunda Yahudawa ba sa hura wuta ranar. Ashe asalin abin ragowar zafi ne, lantarki daga baya ya shigo.

Akwai kuma waɗanda suka koma wa asalin. A Afirka ta Kudu, lokacin da suka shiga matsalar ɗauke wuta a 2008, wata mata mai suna Sarah Collins ta fito da wata jaka mai kauri da ake kira Wonderbag. Ba waya, ba batir. Ka tafasa abinci a wuta, ka sauke, ka sa tukunyar cikin jakar ka ɗaure, zafin da ke ciki ya ƙarasa dahuwar. Turawa ma a lokacin yaƙin duniya da akwati da busasshiyar ciyawa suke yin haka don tsimin makamashi.

Ni ban sayi jakar kowa ba. Bayan na dawo Fatakwal, kwali na samu babba, na shimfiɗa tsohon bargo a ciki, da matashi biyu. Ga yadda nake yi. Ina jiƙa wake tun dare. Da asuba in ɗora a gas, in bari ya tafasa sosai kamar minti 15 zuwa 20. Idan ganda ce ko ƙafa, rabin awa. In sauke da murfinsa a rufe, in naɗe da bargo, in danna matashi a sama, in rufe kwalin. Yaron shago ya leƙo da azahar ya tarar wake ya nuna. Shinkafa kuwa minti 5 a wuta, awa ɗaya a bargo, kuma ba ta taɓa kamu. Wani ɗan uwa a Ama Hausa ta Inugu da na nuna wa, matarsa da babbar kula take yi, ta shimfiɗa tsumma a ƙasa don kada gindin tukunya ya narka robar.

Amma da sharuɗɗa, kada wani ya ce na cuce shi. Tukunya ta kusa cika, don ƙaramin abinci saurin hucewa yake yi. Murfi ya zauna daram. Kada a riƙa buɗawa ana leƙe. Idan ka buɗe ka ga tururi, hannunka bai iya riƙe tukunyar ba, to lafiya lau. In za ta kai dare, ka mayar da ita wuta ta sake tafasa kafin a ci. In kuwa ka tarar ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, kada ka yi rowa, lafiyarka ta fi ganda. Bambancin wannan da ta lantarki shi ne, nan abincin ya riga ya tafasa kafin ka fita, daga sama yake saukowa a hankali, kuma babu wanda zai kashe maka shi daga wani ofis.

Ban ce a jefar da ta lantarkin ba. Wanda yake da sola da batir mai ƙarfi, ko yake layin da wuta ke zama, ya more abinsa. Sai dai ya kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, in ta gwanjo ce ya duba gindinta: ta Amurka wutar 110 zuwa 120 take ɗauka, tamu kuwa 230 ce, in ka jona kai tsaye ta ƙone. Ta Ingila ita ce daidai da tamu har bakin soket. Na biyu, kada ya sa daskararren nama daga firiza, ya bari ya saki tukuna. Na uku, ya fara tafasa kayan a wuta kafin ya juye a ciki, musamman jan waken nan mai siffar ƙoda, wanda yake da wani dafi da ba ya mutuwa sai ya tafasa sosai aƙalla minti 10. Na huɗu, ya yi amfani da ita ranar da akwai mutum a gida wanda zai san an ɗauke wuta.

Kada kuma a ɗora wa dabarar abin da ba nata ba. Tuwo sai da muciya, miyar kuka sai an kaɗa, alayyafo da zogale a ƙarshe ake zuba su. Ba za ta soya maka ƙosai ba. Amma in romo da nama sun nuna suna jiranka, kaɗa kuka da tuƙa tuwon mutum uku bai fi minti 20 ba.

Saura magana ɗaya, kuma da mu maza nake. Na san masu cewa girki aikin mata ne, namiji da tukunya abin kunya. To mai shayin bakin masallaci mace ce? Mai tsire fa, da mai balangu, da mai kilishi? Mu ne muke ciyar da rabin garin nan da dare, amma mu kasa dafa wa kanmu wake. Ba ina cewa a ƙaurace wa 'yan uwanmu mata masu sayar da tuwo a unguwanninmu ba, su ma neman halali suke yi, kuma sun rufa mana asiri shekara da shekaru. Cewa nake, ku huɗu da kuke ɗaki ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi mudun wake da ƙafar saniya, ku yi karɓa-karɓa, yau wane gobe wane. Ko sau uku a mako kuka yi, za ku ga bambanci a aljihu, za ku san abin da kuka ci da wanda ya yanka shi.

Mun baro gida ne don mu tara abin da za mu koma da shi, ba don mu ƙarar da shi a kwanon buka ba. Wanda yake da tsohon bargo da kwali, ya gwada da shinkafa gobe, in ta yi ya ƙara da wake.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya mayar da kowa gida da alheri. Amin.