Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, muna so mu ɗan ɗauke ku zuwa bakin teku, domin mu duba wata magana wadda ta shafi kuɗi da alkawari da rai.

Akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar dubban fasinjoji suna zagaya tsibirai da garuruwan gaɓar teku. Irin wannan jirgi yakan iso gari da safe ya tashi da yamma. A cikin 'yan sa'o'in nan ne fasinja zai shiga ƙaramin jirgin mutanen gari a kai shi kallon kifaye ko wani tsibiri, kuma sau da yawa ya riga ya biya kuɗin tun watanni kafin ya bar gida. To, sai ga shi ranar tafiya, ya shirya tsaf, a ce masa an fasa. Ba shi da damar cewa a ɗaga zuwa gobe, gama gobe jirginsa yana wata ƙasa.

Lalle wannan abin takaici ne, ba mu musa ba. Amma dalilan fasawa iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Na farko shi ne halin teku. A tsibirin Grand Cayman da ke yankin Karebiyan, alal misali, babu gadar da manyan jiragen nan za su jingina. Sai su jefa anga a nesa, a riƙa kwaso mutane da ƙananan jirage. Idan iska ta taso, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, sai kyaftin ya wuce abinsa, duk shirin wannan rana ya rushe. Na biyu kuwa shi ne lissafin riba, watau a ga waɗanda suka yanki tikiti ba su kai yawan da ake so ba, sai a soke tafiya. Wannan na biyu ba iska ta kawo shi ba. Wanda ya san tun jiya cewa kujerunsa ba su cika ba, ya yi shiru sai da mutane suka taru, ya ci amana, kuma ya cancanci a ci shi tara.

Game da na farkon ne muke roƙon a yi hankali da ƙorafi. Ran 9 ga Disamba, 2019, dutse mai aman wuta na tsibirin Whakaari a ƙasar Niyuzilan ya fashe, alhali akwai mutum 47 a kansa. Daga cikinsu 38 sun fito ne daga jirgin shaƙatawa mai suna Ovation of the Seas, wanda ya tsaya a tashar Tauranga, aka kai su tsibirin da ƙaramin jirgi. Mutum 22 suka rasa rayukansu, wasu da dama suka ƙone ƙuna mai tsanani. Makonni uku kafin wannan rana masana sun riga sun ɗaga ma'aunin gargaɗin dutsen zuwa mataki na 2. Da an fasa tafiyar nan da safe, da an sha gunaguni, da an nemi a mayar da kuɗi, da kuma kowa ya ci abincin darensa.

Abin tambaya shi ne, me ke sa mai jirgi ya ƙi fasawa ko da ransa bai kwanta ba? Amsa ita ce, yawanci shi ke ɗaukar hasara. Ya riga ya sayi mai, ya kira yaransa, ya hana wasu kujeru. Kamfanin babban jirgi, wanda ke sayar da tikiti ya cire kamashonsa, zai wuce tasha ta gaba inda wani ciniki ke jiransa. Fasinja zai karɓi kuɗinsa. Mai ƙaramin jirgi kuwa zai koma gida hannu rabbana. Duk tsarin da ya sa faɗin "a'a" ya zama yunwa ga mutum ɗaya, to yana tura mutumin nan ya ce "mu je" a ranar da bai kamata ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, idan an fasa don tsaron rai, a mayar wa fasinja kuɗinsa cif, ba tare da wahalar cike takardu ba, a kuma gaya masa dalili a fili. Sa'an nan kamfanin da ke cin kamasho a ranakun alheri ya biya mai jirgi kuɗin mai da ladan ma'aikatansa a ranar da teku ta ƙi. Hukuncin tashi ko zama kuwa a bar wa matuƙi shi kaɗai, kada mai sayar da tikiti ya sa baki.

Kada wani ya ce wannan zancen masu kuɗi ne na ƙasashen nesa. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Kwara, a yankin Patigi, sa'ad da jirgin da ya ɗauko su daga biki ya kife da dare. Mai fito a kogunanmu shi ma ba wanda ke biyansa idan ya ce jirgi ya cika, ko dare ya yi, sai dai ya sha zagi daga fasinjoji masu gaggawa. Da yawa daga cikinmu za su zauna a ofisoshin da ake tsara dokokin sufuri. In ranar ta zo, mu tuna mu rubuta doka wadda za ta kare mutumin da ya ƙi tashi. Kafin nan kuma, duk ranar da matuƙi ya ce mana yau ba tafiya, mu sauko mu yi masa godiya.