LAFIYA UWAR JIKI: Rashin Ƙiba Ba Shi Ne Lafiya Ba

A wannan mako za mu yi magana ne da waɗanda Allah bai ɗora musu ƙiba ba, waɗanda suke ganin ciwon sukari da hawan jini na masu teɓa ne kawai, saboda haka bakinsu ba ya hutawa tsakanin kalaci da kalaci: cincin da hantsi, fanke da lemon kwalba da la'asar, biskit da shayi mai zaƙi bayan isha'i.

To, a sani cewa sikeli nauyi kaɗai yake faɗa, ba ya faɗin inda kitse ya kwanta. Duk lokacin da mutum ya ci abu mai sukari ko farin fulawa, sukarin jininsa zai hau, jiki kuma ya saki sinadarin insulin domin ya sauko da shi. Idan ana maimaita haka dare da rana, sai rarar ta koma kitse a hanta da kewayen hanji, jiki ya soma ƙin jin insulin, alhali mai shi yana nan siriri abinsa.

An gwada wannan a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, aka bayyana sakamakon a 2014. An ɗebi maza 36 lafiyayyu marasa ƙiba, aka ƙara wa yawancinsu abinci mai maiƙo da zaƙi na mako 6. Waɗanda suka ci ƙarin a matsayin ciye-ciye tsakanin kalaci, kitsen hantarsu ya ƙaru. Waɗanda suka haɗa shi da kalacinsu kuwa, nasu bai ƙaru haka ba. Haka kuma a 2023 masana na King's College da ke Landan suka duba mutum 854, suka tarar cewa illar tana ga irin abin da ake ci da lokacin cinsa, musamman bayan ƙarfe 9 na dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a kan 6. Kwalbar lemo guda tana iya cinye fiye da rabin wannan kaso.

Ba cewa muke a zauna da yunwa ba. Idan ciki ya motsa, ga gyaɗa, ga aya, ga yalo da gwaiba da dafaffen ƙwai, ga nono marar sukari. Dukkansu suna riƙe ciki ba tare da sun tunzura sukarin jini ba. Sa'an nan a ɗauki awon tela a auna ƙugu: namiji ya kai santimita 94, ko mace ta kai 80, ya kamata a farga. A kuma je asibiti a gwada jini kafin karin kumallo. Idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram, sai a koma ga likita ya tabbatar.

Hausawa dai sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.