Kafin mu zage ta, mu tambayi abin da ya same ta

Jiya a unguwarmu aka kama wata yarinya da ƙullin wiwi a jakarta. Shekarunta ba za su wuce 19 ba. Kafin magariba labari ya zagaye gidaje, kowa na tofa albarkacin bakinsa: lalatacciya, 'yar iska, ta zubar wa gidansu mutunci. Ni kuwa na san yarinyar nan tun tana shekara bakwai, a gidan riƙo, da farantin talla a ka. Kukanta muke ji ta katanga duk daren da ta dawo da kwantai. Mu da muke zagin ta yau, mu ne muka yi shiru a lokacin. Har da ni.

Jama'a, ba kare shan wiwi nake yi ba. Haramun ne, kuma yana da illa, musamman ga matashi, don ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Abin da nake cewa shi ne, da yawa daga cikin 'yan matan nan ba nishaɗi suka je nema ba, barci suka je nema.

Yaron da ya tashi cikin duka, tsangwama ko fyaɗe, jikinsa yakan saba da zaman fargaba. Ko ya girma, ƙarar ƙofa kaɗai sai gabansa ya faɗi, dare ya yi masa tsawo, ga munanan mafarkai. Sinadarin THC da ke cikin wiwi yana dusashe wannan na 'yan awoyi. Yarinya ta zuƙa sau ɗaya a ɗakin ƙawa, ta samu barcin da ta yi shekaru ba ta samu ba. Gobe sai ta koma. Daga baya in babu shi barcin ma ba ya zuwa, fargabar kuma ta ninka.

Ba hasashena ba ne. A Amurka, binciken ACE da aka yi tsakanin 1995 da 1997 kan mutum sama da 17,000 ya nuna cewa yawan nau'ukan cutarwar da mutum ya gani yana yaro, yawan haɗarin faɗawarsa shaye-shaye. A nan gida, binciken 2014 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF ya gano yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 an ci zarafinta ta hanyar lalata. Rahoton UNODC na 2018 kuma ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Cikin masu ta'ammali da ƙwayoyi, 1 cikin 4 mace ce, amma cikin waɗanda ke karɓar magani mace 1 ce kacal cikin 20. Sauran fa? Suna ɗaka an ɓoye su, kar masu neman aure su ji.

Wani zai ce ai mu ma an dake mu, ba mu sha komai ba. Alhamdulillahi. Ba duk wadda aka cutar ke faɗawa ba, ba kuma duk mai sha ce aka cutar ba. Amma ka tuna, wataƙila kai kana da kaka ko gwaggo da kake gudu wurinta. Wata ba ta da kowa, kuma wanda ya cuce ta ɗin tare suke cin tuwo a gida ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganinmu: dorina, aski, ko gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa a 2019. Wadda duka ya kai ta ga wiwi, ta yaya duka zai raba ta da shi?

In 'yarki ce ko ƙanwarka, ku rufe ƙofa, ku sassauta murya, ku ce mata: me ya same ki? Ku saurara har ƙarshe ko da sunan da za ta ambata na ɗan gida ne. Sannan a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa, a duba shan da abin da ya haifar da shi tare.

Ni dai yau da safe na shiga gidansu na gaishe ta. Na makara da shekara 12. Allah Ya yafe mana, Ya kare mana zuri'a.