Rumbun da Mabuɗinsa ke Hannun Wani

A ƙarshen bazarar bara dikodar da ta yi shekara bakwai a falona ta mutu. An ɗauke wuta da la'asar, aka dawo da ita da ƙarfi, sai muka ji ƙaurin roba. Ban damu da akwatin ba, domin ya ci kuɗinsa. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ke cikinsa: hira ta kusan awa guda da wata tashar talabijin ta yi da malamina, wanda ya duba kundin digirina na uku, wata takwas kafin rasuwarsa. A hirar ya yi bayanin yadda ya bi tsofaffin marina da majema na cikin birni yana rubuta kalmomin sana'arsu, ya kuma faɗi abubuwan da bai taɓa sa wa a takarda ba. Na naɗe ta a daren da aka watsa, na ce wata rana zan zauna in kwafe ta da alƙalami. Ranar ba ta zo ba.

Mai gyara ya buɗe akwatin ya ce allon na'urar ne ya ƙone, amma rumbun ajiyar, wato abin da su ke kira had-dis, lafiyarsa ƙalau. Na yi hamdala, na ɗauko shi na jona wa kwamfutata. Kwamfuta ta ga rumbu, ba ta ga komai a ciki ba, har tana tambayata ko in ba ta izinin share shi. A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun ranar saye. Dikodar kamfanonin da ake biya duk wata tana ajiye shirye-shirye ne a kulle, mabuɗin kuma yana haɗe da ita kanta na'urar da katinta. Idan na'urar ta mutu, abin da ta naɗa ya bi ta. Kai, a wasu ma ko tana raye, da zarar kuɗin wata ya ƙare ba za ka kalli abin da ka naɗa da hannunka ba. Shekara bakwai ina zuba hatsi a rumbun da na ɗauka nawa ne, ashe zanen aro na ɗaura.

Ba zan zalunci kamfanonin ba. Duk wanda ya ga yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa ya san abin da suke tsoro. Su ma sayen izinin nuna wasanni da finafinai suke yi, da sharaɗin kada a kwafa. Muhawarar ma tsohuwa ce. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa mutum ya naɗi shiri a gidansa da na'urar Betamax ta kamfanin Sony domin ya kalla daga baya bai taka doka ba. Kamfanonin fim sun sha kaye a kotu, amma da zamanin dijital ya zo sai makulli ya ba su abin da alƙali ya hana su. Ƙorafina guda ne: babu wanda ya gaya mini haka a shago, kuma takardar da ke cikin kwali ba a rubuta ta domin a karanta ba.

Na je tashar da ta watsa hirar neman kwafi. An karɓe ni da mutunci, aka ba ni kujera da ruwa, aka yi ta kiran waya. Daga ƙarshe aka ce wani mai shirya shiri ne daga waje ya kawo ta, kuma faifan da aka ajiye ta an daɗe da ɗora wani abu a kansa. Ban yi mamaki ba. BBC da duk arzikinta ta goge kaset ɗin shirye-shiryenta masu yawa a shekarun 1960 da 1970 domin ta sake amfani da su, har yau ana neman gommai daga cikin sassan wasan Doctor Who. Mu kuwa, wanda ya tashi da kallon Samanja da Karkuzu ya gwada neman cikakken kwafi mai kyau na wasanninsu, ya ga abin da zai samu in ban da guntaye masu dishi-dishi a intanet.

Wannan ne ya sa da na tashi sayen sabuwar na'ura na shiga kasuwa da tambaya ɗaya a baki: idan na ciro rumbun na sa a kwamfuta, zan ga abin da na naɗa? Masu shago da yawa ba su fahimci tambayar ba. Su abin da suka saba ji shi ne tasha nawa take kamawa, kuma tana buɗe ƙwallo ko ba ta buɗewa. Wani dattijo mai gyaran rasiba ne ya gane nufina. Ya ce, "Malam, rasibar tashoshin kyauta kake nema, mai naɗi. Ita ba ta kulle komai, don ba a kulle ya zo mata ba." Gaskiyarsa. Irin wannan tana zuba shirin ne a fayil yadda ya sauko daga tauraron ɗan Adam, manhaja irin VLC kuma tana buɗe shi ba gardama. Mafi yawan tashoshin Hausa da gidana ke kallo a kyauta suke, saboda haka asarar ba ta kai yadda yara suka zata ba, ko da yake sun yi kwana uku ba sa dariya da ni a kan gasar Ingila.

Na zaɓi mai kama tasha biyu a lokaci guda, domin a naɗi ɗaya ana kallon ɗaya. Mai karatu ya lura, wannan sai an sauya ɗan kan da ke gaban faranti zuwa mai baki biyu, an kuma jawo waya ta biyu zuwa ɗaki, kuɗin da ba ya cikin lissafin farko. Na kuma guji wadda ake jona wa rumbu ta kafar USB. Tsohuwar kafar ba ta ba da wutar da ta wuce miliamfiya 500, wasu rumbuna kuwa suna bukatar fiye da haka lokacin da za su fara juyawa, sai ka ji suna ƙas-ƙas, naɗi ya tsaya a tsakiya.

Na'urar ta zo da rumbu mai gigabait 500. Na ce ai wannan ya ishe mu har jikoki. Cikin wata biyu ya cika. Da farko ma 500 ɗin a kwali take. Na'ura 465 ta nuna, domin masu ƙera rumbu da dubu-dubu suke ƙirga, na'ura kuwa da 1,024. A lissafin da na yi da fayilolina, awa guda ta hoto mai tsabta tana cin kimanin gigabait 3, ka ga awa 155 ke nan. Uwargida ta sa a riƙa naɗa mata Daɗin Kowa da Labarina, yara suka cika sauran da katun, ni da na sayi abin domin adana hirarraki na koma mai roƙon wuri. Kowane dare sai an yi shari'ar wanda za a goge wa.

Sai maganar ƙarin rumbu. A nan na yi kuskure na biyu, na bi araha. Na sayo mai terabait 2 a ƙasa da farashin da kowa ya faɗa, a cikin leda mai sheƙi, mai shago yana rantsuwa sabo ne fil. Allah ya taimake ni, wani ɗalibina ya ce in bari ya duba kafin in ɗaura. Ashe kowane rumbu yana riƙe da tarihin kansa, tsarin da ake kira SMART, wanda ke nuna awa nawa ya yi a kunne da wurare nawa suka lalace a jikinsa. Nawa ya nuna awa dubu ashirin da uku da ɗoriya, fiye da shekara biyu da rabi yana juyawa dare da rana a wani ofis da ban sani ba. Na mayar. Aka yi ta ja-in-ja, sai da na nuna hoton lambobin a waya sannan aka dawo mini da kuɗina, ban da na mota. Tun daga nan ba na sayen rumbu sai an jona shi a gabana.

Na biyun na saye shi da ido buɗe. Na tsaya a terabait 2, domin tsofaffin na'urori da dama suna amfani da tsarin rabon rumbu da ba ya ganin abin da ya haura haka. Ka sayi mai 4, ka biya kuɗin rabin da ba za ka taɓa shiga ba. Na nemi irin wanda aka ƙera domin kyamarorin tsaro, saboda aikinsu ɗaya ne, rubutu ba hutawa. Rasiba mai ba ka damar tsayar da shiri ka je ka dawo tana rubutu ne a kan rumbu muddin tana kunne, ko ba ka ce ta naɗa ba. Na kuma fifita mai juyi 5,400 a minti a kan mai 7,200. Bidiyo ba ya bukatar wannan gudun, mai saurin kuwa ya fi zafi da ƙara, a garin da watan Afrilu ke kai mu sama da digiri 40.

Aikin kansa bai kai minti ashirin ba. Na fara kwashe tsofaffin fayiloli zuwa kwamfuta, domin na'ura za ta share sabon rumbu ta tsara shi yadda take so, ba za ta ɗauko komai daga tsohon ba. Na zare waya daga bango, na kwance sukurori huɗu, na san kuma da na tsinka hatimin garanti ya tafi. Wayoyi biyu ne, ta wuta da ta bayanai, ba sa shiga a juye. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ƙurar da na tarar ta toshe ramukan iska bayan hunturu ɗaya kacal. Da na kunna sai ta nuna gigabait 1,863, kimanin awa 600. Na tuna rumbun farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, wanda girmansa ya kai firij biyu, yana ɗaukar haruffa miliyan 5. Hoto biyu na wayar yau sun ishe shi.

Saura wuta, wadda ita ce ta jawo duk wannan. Ɗaukewar wuta a tsakiyar naɗi tana lalata fayil, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Na mayar da rasibar kan layin inbata, na sa mata abin kare ta daga wuta mai ƙarfi. Duk ranar Asabar kuma ina kwafe abin da ya dace a ajiye zuwa wani rumbu dabam da nake bari a ofis, tare da takarda mai ɗauke da sunan shiri da tasha da kwanan wata. Zuwa yanzu akwai hirarraki 41 a ciki, da mawaƙa da masu sana'a da tsofaffin ma'aikata. Biyu daga cikin masu maganar sun riga mu gidan gaskiya.

A watan jiya wani tsohon abokin karatuna ya ji ina ba da labarin, ya ce shi ma ya kalli hirar malam a daren, har ya ɗauki wani yanki da wayarsa daga fuskar talabijin. Ya turo mini. Minti goma sha ɗaya ne, hoton yana rawa, ana jin kukan yaro da ƙarar janareta, malam kuma yana tsakiyar bayanin yadda ake jiƙa baba da toka a karofi aka yanke. Na kwafe shi wuri uku, na zauna na rubuta shi kalma bayan kalma a daren. Tsohon rumbun, mai ɗauke da cikakkiyar hirar, yana nan a aljihun teburina naɗe da hankici.